Tumaki da Awaki: Laifin da Ba a Kai Ƙararsa

Akwai wani misali a cikin Linjila, a sura ta 25 ta littafin Matiyu, daga aya ta 31 zuwa ta 46, wanda malaman Kirista suka shafe ƙarnoni masu yawa suna jayayya a kan tawilinsa. Kuma ko da yake mafi yawan masu karanta wannan jarida a Talata Mafara da Bakura da Maradun Musulmi ne, waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba, ina ganin jayayyar ta shafe mu a yau fiye da yadda ta shafi mutanen Rum da Jamus da Ingila da suka yi ta, domin abubuwa shida da aka lissafa a ciki, wato yunwa da ƙishirwa da baƙunci da tsiraici da ciwo da zaman ɗauri, babu ko guda da ba ya kwana a ƙasarmu.

Ga labarin a taƙaice, da bakina, ba da lafazin littafin ba. An ce Annabi Isa, alaihis salamu, wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, ya gaya wa almajiransa cewa ranar hisabi Sarki zai zauna bisa gadonsa, a tara masa dukkan al'ummai, ya raba su kashi biyu kamar yadda makiyayi ke ware tumaki daga awaki, waɗannan dama, waɗancan hagu. Na dama zai yi musu bushara da ni'ima, dalili kuwa sun same shi cikin halayen nan shida sun agaza masa. Su kuma mamaki ya kama su, su tambaya yaushe aka yi haka alhali ba su taɓa sa shi a ido ba, sai a ba su amsa cewa alherin da suka yi wa wanda ya fi kowa ƙasƙanci cikin 'yan'uwansa, a kansa ya sauka. Na hagu kuma a tuhume su da barin waɗannan ayyuka, su yi irin tambayar, a ba su irin amsar, a wuce da su zuwa azaba. A aƙidar Kirista Sarkin nan Almasihu ne da kansa, mu kuwa mun tsaya a kan cewa hukuncin wannan rana na Allah ne Shi kaɗai. Saɓani ne na asali, ban zo in ɓoye shi ba, shafin jarida kuma ba wurin warware shi ba ne.

Kada mai karatu ya zaci an ƙi akuya ne saboda wani aibu nata. Masu sharhi sun ce makiyayan Falasɗinu kan kora garke a haɗe da rana, in dare ya yi su ware awaki domin ba su jure sanyi kamar tumaki. A nan kuwa, inda jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna har fatarta ta ƙetare Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, inda kuma akuya ita ce asusun matar talaka, duk wanda ya taɓa shiga kara ranar Talata a Mafara ba zai yarda a zage ta ba. Abin nufi shi ne garken ɗaya ne, makiyaya ɗaya, mashaya ɗaya, rabuwar ba ta zuwa sai a ƙarshe. Musulmin da ya karanta Suratul Waƙi'a kuwa ba baƙo ba ne ga zancen mutanen dama da mutanen hagu.

Mas'alar da ta fi raba kawunan malamansu ita ce, su wane ne 'yan'uwan nan ƙasƙantattu. Kashi na farko suka ce kowane mabuƙaci ne, ko wane addini yake bi, ko daga wace ƙabila ya fito. Yohanna mai laƙabin Bakin Zinariya, wanda ya yi wa'azi a Antakiya kafin a naɗa shi babban limamin Kustantiniya a 398, ya kuma mutu a 407 yana korarre saboda harshensa bai bar mutanen fada sun huta ba, ya sha komawa ga wannan misali. Ya zargi attajiran da ke ƙawata majami'a da zinariya da alharini alhali mai yunwa yana zaune a bakin ƙofarta, ya hana a riƙa tsare mai bara da tambayoyi kafin a ba shi, ya kuma faɗa cewa ikkilisiyar Antakiya tana ɗauke da nauyin gwagware mata da 'yan mata kimanin 3,000. Ambrosiyos, limamin Milan, da aka ci sojojin Rum da yaƙi a 378 aka kwashi mutane ganima, sai ya farfasa tasoshin zinariya na majami'a ya fanshi kamammu da kuɗin, har aka yi ta yi masa surutu. Daga wannan fahimta aka tsara abin da Katolika ke kira ayyukan jinƙai bakwai, shidan nan da ƙarin binne gawa. A kanta Uwa Teresa ta kafa aikinta a titunan Kalkata. A kanta kuma wani limami ɗan ƙasar Peru, Gustavo Gutierrez, ya wallafa littafi a 1971, shi da abokan ra'ayinsa suna cewa miƙa wa mayunwaci abinci bai wadatar ba sai an tambayi abin da ya sa yake kwana da yunwa kullum, da kuma wanda ke cin ribar yunwar.

Kashi na biyu suka ce sam, 'yan'uwan nan almajiran Almasihu ne, musamman masu yawon wa'azi da ake kora daga gari zuwa gari, ana ɗaure su. Hujjarsu kuwa ba ta wasa ba ce, domin sun bi ƙa'idar da mu ma muka sani, ta fassara nassi da nassi: a ƙarshen sura ta 12 ta littafin an nuna cewa 'yan'uwansa su ne masu bin nufin Ubangiji, a ƙarshen sura ta 10 kuma an yi alkawarin lada ga wanda ya karɓi manzanninsa ko da ruwan sanyi ne ya ba su. Wani masani mai suna Sherman Gray ya bi sharhunan da aka yi wa ayoyin tun daga ƙarnonin farko, ya fitar da bincikensa a 1989, ya tarar cewa cikin magabatan da suka fito fili a kan mas'alar masu taƙaitawa sun fi yawa, kuma fassarar gamewa ba ta yi rinjaye sosai ba sai a ƙarni na 20. Bisa wannan tawili misalin lallashi ne ga 'yan tsirarun da ake tsangwama, ana gaya musu cewa za a tambayi duniya yadda ta yi da su. Ban yi mamaki ba idan Kiristan da ke zaune a Gusau ko Ƙaura, wanda ya san a inda yake shi ɗan tsiraru ne, ya sami sanyin zuciya a wannan fahimta, ban kuma ga laifinsa ba.

Akwai kashi na uku, mabiya John Nelson Darby wanda ya mutu a 1882, waɗanda ra'ayinsu ya bazu a Amurka ta hanyar Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909. Su a wurinsu 'yan'uwan nan Yahudawa ne na ƙarshen zamani, kuma za a hukunta ƙasashe gwargwadon yadda suka yi da su a lokacin tsananin da zai gabaci dawowar Almasihu. Wannan tawili ya ɗauke nauyin daga wuyan mai karatu ya aza shi a kan wasu mutanen da ba a haifa ba tukuna, kuma yana cikin abin da ke ingiza wasu majami'un Amurka zuwa goyon bayan Isra'ila ido rufe. Ba zan daɗe a kansa ba.

Mas'ala ta biyu ta fi zafi a tarihi, wato in da ayyuka ake shiga ni'ima, ina matsayin bangaskiya, tun da misalin bai ambaci aƙida ko sau ɗaya ba. Tun daga 1517, da Martin Luta ya tayar da ƙura a Jamus, Furotesta suka tsaya a kan cewa ceto kyauta ce ta alherin Ubangiji ta hanyar bangaskiya, ayyukan nan shida kuwa shaida ce kawai da ke bayyana abin da ke zuci. Taron Katolika na Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563, ya ce ayyukan da aka yi cikin alherin suna da lada na haƙiƙa. Almajirin da ya karanta tauhidi zai gane wannan rigima tun daga nesa, domin ita ce tamu ta Murji'a da Mu'utazila da Hawarijawa a kan ko aiki yana cikin imani ko cikarsa ne. Haka ma batun dawwamar azaba: Orijin na Iskandariya ya yi fatan za ta ƙare, Agustin ya ƙi yana kafa hujja da ayar ƙarshe ta wannan misali, kamar yadda Subki ya yi raddi ga abin da aka jingina wa Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim na ƙarewar wuta. Ranar 31 ga Oktoba 1999 wakilan Katolika da na mabiya Luta suka sa hannu a birnin Ogsbag na Jamus a kan takardar da ta sassauta tsohuwar gabarsu a kan ceto. Kwana huɗu kafin nan, ranar 27 ga wata, aka taru a Gusau aka ƙaddamar da shari'a a ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura. Mutanen Gusau ba su ji labarin Ogsbag ba, ina zaton mutanen Ogsbag ma ba su ji na Gusau ba sai daga baya.

To, ni wanne na zaɓa? Ba ni da hurumin yi wa Kirista fatawa a cikin littafinsa, amma mai karatu yana da ikon faɗin abin da ya gani, kuma abin da na gani shi ne masu taƙaitawa sun fi ƙarfi wajen lafazi, masu gamewa kuwa sun fi fahimtar inda labarin ya dosa. Dalilina shi ne mamakin nan da ya kama ɓangarorin biyu. Na hagu ba su musanta cewa sun ga mayunwaci ba. Uzurinsu, in aka tone shi, shi ne ba su san ko wane ne ba, da sun san Sarki ne da sun shimfiɗa masa darduma sun yanka rago. Saboda haka duk wanda ya tsaya a bakin ƙofarsa yana binciken asalin mai roƙo da addininsa kafin ya miƙa masa ƙwarya, ko da tawilinsa ya inganta a wurin masana, to uzurin mutanen hagu yake tanada wa kansa. Kuma a littafin Luka, da wani malamin Attaura ya nemi a iyakance masa wane ne maƙwabci, da labarin Basamariye aka amsa masa, mutumin da Yahudawa ba su ko cin abinci da shi.

Mu ma muna da irin wannan nassi, muna kuma da irin wannan kafa ta zillewa. A Sahihu Muslim, daga Abu Huraira, an ruwaito hadisin ƙudusi wanda ma'anarsa ita ce ranar ƙiyama Allah zai tuhumi ɗan Adam da cewa Ya yi rashin lafiya bai gaishe Shi ba, Ya nemi ci bai ba Shi ba, Ya nemi sha ya hana Shi. Bawan ya yi mamaki yadda haka za ta yiwu ga Ubangijin talikai, sai a nuna masa wani bawa da ya yi wa haka. Mai son ƙuntatawa zai ce ai bawa mumini ake nufi. Amma Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, kuma Hasanul Basri da Ƙatada sun ce kamammun wancan zamani mushirikai ne. Suratul Muddassir ta sa rashin ciyar da miskini kusa da barin salla cikin abin da ya kai mutane Saƙar. Abu Yusuf kuma ya kawo a Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ɗauke masa jiziya, ya sa a yanka masa abin ci daga baitulmali.

Sai dai a ƙasarmu yau ba tsakanin Musulmi da Kirista wuƙar taƙaitawa ta fi yanka ba, tsakanin masu alƙibla ɗaya ne. Tun da rikicin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ya yi ƙamari, kalmar ɗan'uwa ta tsuke har ta koma ƙabila. Dubi matar da ke tsaye a bakin tasha, goyo a baya, yara biyu riƙe da gefen zanenta, ɗan kwanon roba a hannu, ta baro ƙauyen da aka ƙone da rumbunansa. In ta buɗe baki aka ji Hausar ƙauye sai a ce Allah Sarki, a ba ta abin da ya samu, in kuwa aka ji harshenta ya karkata zuwa Fillanci sai fuskoki su canza, wani ya ce ai matar ɓarayi ce, wani ya ce leƙen asiri ta zo yi, alhali mai yiwuwa ne 'yan bindiga sun kore shanun mijinta, 'yan sa-kai kuma suka kashe shi a hanyar kasuwa. A ruga ma haka ake yi wa Bahaushen da ya faɗa hannu. Na san tsoron masu kai rahoto daji ba tatsuniya ba ne, mutane sun mutu ta dalilinsu. Amma yaron da ke goye bai kai wa kowa rahoto ba.

Mamakin mutanen dama yana da wata fuska kuma, wato ba su yi lissafi ba, ba su ajiye shaida ba. Wannan ya isa hukunci a kan buhunan shinkafar azumi da ake bugawa da hoton mai bayarwa, a tara gajiyayyu cikin rana tun hantsi har sai masu ɗaukar hoto sun iso. Riya ke nan, kuma malamanmu sun gama magana a kanta. Ya isa hukunci kuma a kan mishan, in ya mai da magani tarko. Tun daga 1937 ƙungiyar SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta karɓi aikin kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, ta kuma buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950. Iyayenmu sun yi zargin cewa ana bin allura da wa'azi, zargin kuma yana da tushe. Amma adalci ya wajaba ko a kan abokin jayayya: mutanen nan sun wanke gyambon waɗanda danginsu suka ware musu ƙwarya da buta, kuma wanda bai wanke ba ya kamata ya sassauta murya. A zamaninmu kuwa ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, wadda aka kafa a Faransa a 1971 ba da sunan wani addini ba, ita ta zo a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ita ce kuma ke auna damtsen yaranmu da ɗan zaren awo mai launi uku, in ya tsaya a kan ja a kwantar da yaro a ba shi madarar tamowa. Ban ce komai a kan makomarsu a lahira ba, wannan ba nawa ba ne. Na dai ce ya kamata mu ji kunya.

Wani abu kuma, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne irin laifin da aka tuhumi mutanen hagu da shi. Ba a ce sun yi kisa ba, ba a ce sun yi sata ko zina ko fashi ba. An ce sun bari ne kawai. Hukuncin wanda ya ƙone ƙauye ya sace mata ba ya buƙatar dogon tafsiri, yaro ma ya san shi, shi ya sa muke jin daɗin zancensa a majalisa, tun da yana mai da mu duka mutanen dama. Misalin nan kuwa ya tsallake ɗan fashi ya zo kan mai gida mai mutunci, wanda bai taɓa cutar kowa ba, ya kulle ƙofarsa bayan lisha ya kwanta. Kuma tun da al'ummai aka ce za a tara, ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai ba, masu tawilin da suka shigar da hukuma cikin tuhumar ba su yi nisa da nassi ba.

Mu duba namu. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, gwamnan Zamfara daga ƙananan hukumomin nan uku ya fito: Ahmad Sani na Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, Bello Matawalle na Maradun. Ban ce ba su yi komai ba, kowannensu yana da abin da magoya bayansa za su nuna. Amma a ƙasar Mafara aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021. A watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, a wannan tsakanin kuma aka rufe layukan waya da kasuwannin mako, wanda ya ƙuntata wa ɓarayi na ɗan lokaci, ya kuma ƙuntata wa mai tallan ƙosai. Tun kafin wannan akwai Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban iyalai, fadamun da ke ƙasa suka rasa ambaliyar da ke ba su shinkafa da kifi; da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, sai aka aiko musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu 1980, gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin da masana irin su Dakta Yusufu Bala Usman suka ce sun haura ɗari uku. A watan Maris 2000 an yanke hannun wani mutumin Jangebe a Talata Mafara saboda satar saniya, duniya duka ta ji. Ba ina jayayya da haddi ba ne, ina tambaya ne ko an taɓa gurfanar da wani a gaban alƙali saboda yaro ya mutu da tamowa a gari mai hakimi da kansila da attajirai.

Wani zai ce ai bari ba laifi ba ne da shari'a ke kamawa, tsakanin mutum ne da Ubangijinsa. Wanda ya faɗi haka bai karanta Muhtasar na Halil ba. Shaihu Halil, wanda alƙalan ƙasar nan suka yi ƙarnoni suna hukunci da littafinsa, ya ɗora lamuni a kan wanda ya iya kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, da wanda ya hana rarar abinci ko ruwa ga wanda ya matsu har ya mutu, domin a mazhabar Malik bari a irin wannan wuri yana ɗaukar hukuncin aikatawa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora diyya a kan wasu mutane da suka hana wani ruwa har ƙishirwa ta kashe shi. Ashe babin yana nan a littattafanmu, mu ne muka tsallake shi muka buɗe na haddi, domin haddi kan sauka a kan ɓarawon saniya, lamunin bari kuwa zai fara ne daga masu rara. Shehu Usmanu bai tsallake shi ba. Ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi dukiyar ya nemi abubuwa biyar a madadinta, biyu daga ciki su ne a saki waɗanda ke ɗaure, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Magami suna ne da har yau ɗan Maradun ya sani.

Ɗaurin nan shi ne mafi wuya cikin shidan a wurinmu, domin kurkukunmu mafi girma yanzu daji ne, kuma ba a kai ziyara can. Bukhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari umurni da ciyar da mayunwaci da gaida maras lafiya da kwance kamamme. Kiristocin Turai ma sun kafa ƙungiyoyi biyu, a 1198 da 1218, don fansar nasu daga hannun Musulmin Magrib, ko da yake su nasu kaɗai suka sani. A watan Afrilu 2022 majalisar dattawan Nijeriya ta amince da gyaran doka mai tanadin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa, kuma hujjarsu tana da nauyi, domin kuɗin da aka kai daji yau shi ke sayen harsashin gobe. Amma a je a gaya wa mutumin da aka kira shi da wayar ɗansa yana jin ana dukansa. Zai sayar da hatsin da ya ajiye na damina, ya jinginar da gona, matarsa ta kai akuyarta kara, a zagaya da kwano a masallaci bayan Juma'a, in kuɗin sun haɗu a ce masa saura babur da katin waya. Malikawa sun jera tsarin fansa, suka ce a fara daga baitulmali, in babu a koma ga dukiyar jama'ar Musulmi, dukiyar kamammen ita ce ta ƙarshe. Mu mun juya jerin, mun fara daga ƙarshe, na farkon kuwa ba a ko ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ra'ayina shi ne hukuma tana da ikon hana fansa in ta ga maslaha, amma ranar da ta hana, farillar kuɓutarwa ta koma wuyanta ɗungurungum, kuma duk wanda ya mutu a daji bayan haka akwai wanda ya kamata a tambaya da suna.

Jihar Zamfara tana da hukumar zakka da waƙafi, tana da majalisar malamai, tana da kotunan shari'a tun daga ƙasa har ta ɗaukaka ƙara. Abin da nake roƙo shi ne malaman su zauna a kan babin lamunin bari kamar yadda suka zauna a kan haddi a 1999, su fayyace wa ke ɗauke da nauyin mayunwaci da ɗan gudun hijira da kamamme a kowace gunduma, daga mai unguwa har gwamna, a karanta a masallatan Juma'a na Mafara da Bakura da Maradun. Hukumar zakka kuma ta rubuta gwagwaren mata da marayun rikicin nan a rajista ɗaya, na ƙauye da na ruga da na Sabon Gari, ta sa limaman majami'un Gusau su kawo sunayen nasu, a kuma riƙa buga abin da aka tara da abin da aka raba kowace shekara domin mai bayarwa ya gani.